Rabin Yadin Alhaji Inusa

Duk wanda ya san gidan marigayi Alhaji Inusa a Zongon Lome ya san cewa ranar Lahadi bayan La'asar ba a samun wurin taka ƙafa a barandar Hajiya Ma'u. Ba karatu ake yi ba, ba kuma suna ko biki ba. Jikarta Batul ce take tara abokanta na jami'a suna wani wasa da suka koyo a Tokoin, wanda mutanen gida suka raɗa wa suna wasan labari. Batul ce mai ba da labarin. Ita za ta ce ga gari, ga ƙofa, ga 'yan fashi sun tare hanya. Sauran kowa yana da ɗan mutum-mutuminsa da bai fi babban yatsa ba, an gina shi da yumɓu an dasa a kan murfin kwalba. Sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, abin da ta nuna shi zai faɗi ko mutum ya tsira ko ya sha kashi. Manyan samari, har da masu gemu, su zauna suna jimamin mutuwar ɗan yumɓu. Allah dai ya kyauta.

Da farko maƙwabta sun yi ta gutsiri-tsoma, wai gumaka ne irin na kasuwar Akodesewa. Hajiya Ma'u ce ta kashe maganar. Ta ce ta shafa su ɗaya bayan ɗaya da hannunta, kuma gunkin da yake zaune a kan murfin lemo ko kiyashi ba zai iya cuta ba. Daga nan aka yi shiru, don a unguwar ba a ja da ita.

Ita ta raini Batul da yayanta Samir tun da iyayensu suka koma Kumasi da kasuwanci. Ta yi ƙuruciyarta da tsufanta tana sayar da yadi da atamfa a babbar kasuwar Asigame, har yanar ido ta zaunar da ita a gida. Yanzu haske da inuwa kawai take rarrabewa. Amma bakinta bai tsufa ba. Samir angonta ne, Batul kuwa kishiyarta, irin wasan nan na kaka da jika. Ba ta taɓa kiran yarinyar da sunanta sai in abu ya ɓaci. Da safe za ka ji ta: "Kishiyata, wannan kokon naki da shi za ki ƙwace min miji? Ko kare ba zai sha ba." Ta faɗa, ta shanye tas.

Wasan ba ya yiwuwa sai da shimfiɗa mai gida-gida kamar ta dara, domin da gidajen ake auna tafiyar kowane ɗan yumɓu. Ta kanti daga Turai ake kawo ta, kuma ba a yi ta don aljihun ɗalibi ba. Su Batul sun daɗe suna lallaɓawa da takardar buhun siminti da suka manna da koko suka ja wa layi. Sai damina ta zo da ƙarfinta, ruwa ya shigo gida har gwiwa. Takarda ta zama kunu. Kayan akwatunan Hajiya ma a guje aka kwashe su, aka shanya, aka mayar yadda hannu ya kai, na wannan akwati a wancan, na wancan a wannan.

Bayan gari ya bushe Batul ta buɗe akwatin ragowar kasuwa, wanda Hajiya ta daɗe da sakar mata, tana neman abin da ruwa ba zai cinye ba. A can ƙasa ta tarar da farin yadi mai tsawo, a ninke, ya ɗan yi ja-ja don daɗewa. Ta ɗaga murya daga ɗaki.

"Hajiya, akwai wani farin yadi a akwatin ragowa. In ɗauka?"

"Ɗauki mana. Me zan yi da tsummoki? Ɗinkin aure zan yi?"

Iyakar maganar da aka yi ke nan, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Batul ta raba yadin gida huɗu: ɗaya na gari, ɗaya na daji, ɗaya na bakin kogi, ɗaya na cikin kogo. Ta shimfiɗa na farko a kan siminti, ta danne kusurwoyi da duwatsu, ta auna faɗin murfin kwalba, ta ɗauko maka, alƙalamin nan mai tawada shuɗiya irin wadda wanki ba ya fitarwa. Layi biyu ta ja duk suka karkace, domin yadi yana tafiya a ƙarƙashin katakon da take bi. Ta yi tsaki.

Hajiya tana kan kujerarta tana jan carbi. Ta ce, "Tsakin me kike min a kunne?"

"Layin ne ya ƙi miƙewa."

"Ke dai ba ki iya komai ba sai cin tuwona. Kama zare guda daga baki ki zare shi a hankali. Inda ya fita, nan ne hanya. Yadi ba ya karkacewa a kan zarensa."

Haka aka yi. Batul tana zare zare tana bi da maka, tsohuwa tana ba da umarni daga nesa tana jin daɗin an sake neman iliminta. Suka ɗauki kwanaki suna aikin. A kowane yanki Batul ta bar gefe fari kamar faɗin tafin hannu, don a samu wurin ajiye ƙwaya da 'yan yumɓun da suka mutu. A kusurwar yankin gari ta ga wani ɗan ƙullin jan zare. Ta bar shi, ta ce a nan za a riƙa gane gabas.

Shimfiɗa ta yi kyau, gaskiya. Ƙawarta Hanane ta ce ko ta kanti albarka. Suka yi watanni suna yaƙi a kanta, an zubar mata da shayi, an ɗiga mata man ƙosai, an zana mata ganuwa da rijiya.

Ana nan sai ƙafafun Hajiya suka fara kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya. Aka kwantar da ita a asibiti a Tokoin, aka sallamo ta da jakar magani da irin kallon da likita yake yi wa dangi ba ya yi wa majinyaci. Ita ma ta gane. Wata safiya da rana ta fito sosai ta kira Batul bakin gadonta.

"Kishiyata, buɗe koren akwatin nan. A ƙasa akwai likkafanina. Fito da shi ya sha iska, kada a zo nema ranar a tarar da shi yana warin ruwa."

Batul ba ta taɓa sanin mutum yana ajiye likkafaninsa da ransa ba. A saninta ranar mutuwa ake aika yaro kasuwa. Ta ce, "Haba Hajiya, wace irin magana ce wannan?"

"Maganar da kowa zai ji ce. Shekarar da muka je Makka ni da Alhaji muka sayi bandir guda. Muka jiƙa shi da Zamzam, ya kama baki ɗaya na kama ɗaya, muka tsaya a rana kamar wawaye har ya bushe. Da muka dawo na tsaga shi biyu. Nasa ya tafi da shi. Nawa na ƙulla masa jan zare a kusurwa don kada ya shiga cikin haja." Ta numfasa. "Na san yadi ba ya ceton kowa, aikin mutum ne ke cetonsa. Amma raina yana so a sa ni a sauran abin da aka sa shi."

Tun daga jan zare Batul ba ta ƙara jin komai sosai ba. Ta buɗe koren akwatin duk da ta san abin da za ta tarar. Ta ɗaga zannuwa, ta mayar. Ta ce da Hajiya tun ranar ruwa kaya suka cakuɗe, za ta duba sauran akwatunan. Ta fita bayan gida ta tsuguna, tsoro da kunya suka rufe ta har ta kasa kuka.

Samir ta fara gaya wa. Ya dafe kai ya yi salati. Suka gwada wanke ƙaramin yankin da sabulu, da lemun tsami, da kananzir, tawada ta ce tana nan daram. Ko da ma ta fita, yadin an riga an yanka shi gajeru, ba yankin da zai rufe mutum daga kai zuwa ƙafa.

Samir ya ce, "Saurara, Batul. Ba ta gani. Farin yadi cike yake a Asigame. Mu sayo, mu jiƙa shi ya saki sitaci, ki ƙulla jan zare. Wa zai sani?"

"Yaya Samir, likkafani ne fa."

"Na sani. Zuciyarta kuma fa? Kin ji abin da likita ya ce. So kike ki ƙarasa ta da bakinki?"

Samir ya hau zemijan, babur ɗin haya, ya tafi kasuwa, ya dawo da yadi. Suka jiƙa shi da ruwan shayi kaɗan don ya yi kalar tsufa, suka shanya a bayan gida. Ita da hannunta ta ƙulla jan zaren. A ranta tana fatan tsohuwar za ta gane, ta zage ta, a huta. Macen da ta yi rayuwarta a cikin yadi ai ba za a ruɗe ta da na jiya ba.

Amma ciwo ya cinye jin yatsun Hajiya, kuma mai so ba ya bincike. Ta karɓa, ta laluba har ta sami ƙullin, ta kai yadin fuskarta ta daɗe a haka.

Ta ce, "Allahu akbar. Har yanzu da ƙamshin wurin. Kin ji?" Ta miƙo mata. "Shinshina, kishiyata. Nan ne gefen da Alhaji ya riƙe. Yana ta mita wai rana za ta kashe shi a ƙasa mai tsarki saboda rigimata."

Batul ta shinshina. Shayi ta ji, da sabulun wanki. Ta ce, "Na ji, Hajiya."

Wannan kalma ita ta hana ta sakat. Samir ya ce aikin gama ya gama, tsohuwa tana cikin farin ciki, a bar kaza cikin gashinta. Gaskiyarsa ta wani gefen, domin Hajiya ta sa an ajiye mata yadin a ƙarƙashin matashi, tana shafa shi tana ba shi labari. Batul kuwa ta dakatar da wasan Lahadi, ta ce da su Hanane jikin kaka ne. Ta naɗe yankunan huɗu ta tura ƙarƙashin katifarta, ta riƙa kwana a kansu kamar mai kwana a kan ƙaya. Abinci ya daina yi mata daɗi. In Hajiya ta tsokane ta, sai ta yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba.

Rannan bayan Azahar tana shafa wa Hajiya man zafi a ƙafa, tsohuwar ta kama wuyan hannunta.

"Alkawari za ki yi min. Ranar da Shamsiya za ta zo wanke ni, ke za ki miƙa mata shi da hannunki. Kada ki bar wa matan gidan nan, za su ce wannan ya tsufa a sayo sabo. Ki ce mata rabin na Alhaji ne. Faɗi in ji."

Shamsiya ita ce mai wankan gawar mata a unguwar. Batul ta hango kanta tsaye a kan gawar matar da ta goya ta, tana faɗin ƙarya, ana amsawa da Allah ya jiƙanta. Ta tashi, ta je ta ɗaga katifa, ta dawo da yankunan huɗu ta ɗora a cinyar Hajiya. Ta kama yatsun tsohuwar ta kai su kusurwar yankin gari.

Hajiya ta taɓa ƙullin. Ta sa ɗaya hannun ƙarƙashin matashi ta taɓa wancan. Ta dawo kan na cinyarta, ta bi bakin yadin inda aka tsaga shi da hannu tun shekaru, ta bi har ta iso inda almakashi ya yanke shi.

Batul ta durƙusa ta faɗi komai, tun daga akwatin ragowa har ruwan shayi. Ba ta ambaci Samir ba, amma ba sai ta ambata ba.

Hajiya ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce, "Wato wanda na koya miki zare wa zare."

"Shi ne."

"Kuma na ce ki shinshina, kika ce kin ji."

Batul ta sunkuyar da kai.

"Tashi ki je, Batul. Ina so in kwanta."

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi nauyi. Hajiya tana karɓar magani, tana karɓar koko, tana cewa an gode. Ba ta kushe kokon ba ko sau ɗaya. In tana son ruwa sai ta ce, "Batul, ruwa." Samir ya shiga ya durƙusa ya nemi gafara, ta ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ta juya fuska bango. Ta yi baƙin ciki ƙwarai, ba ta kuma ɓoye ba. Batul ta sha leƙowa ta gan ta da yankunan a ƙirji, hawaye yana bin gefen idonta yana shiga kunne. Samir ya tare ƙanwarsa a tsakar gida ya ce, "To, kin huta yanzu?" Ba ta huta ba. Ta yi ta tambayar kanta ko don Hajiya ta faɗi gaskiya, ko don ta sauke wa kanta kaya ta ɗora wa mai ciwo.

Wata ranar Lahadi da hantsi Hajiya ta ce a tayar da ita zaune, a shimfiɗa mata yankin gari a kan gado. Ta riƙa bin sa da tafin hannu.

"Nan mene ne? Na ji ya yi tauri."

"Man ƙosai ne ya ɗiga."

"Ƙazamai. Nan fa?"

"Rijiya ce. A nan mutumin Hanane ya faɗa, muka yi Lahadi biyu muna neman yadda za a fito da shi."

"An fito da shi?"

"An fito da shi."

"To, madalla." Ta ci gaba da shafa yadin. "Na yi ta tunani. Ni na ce ki ɗauka, ni na kira shi tsumma. Wannan tsautsayi ne, kuma ba ya wuce ranarsa. Abin da ya ƙona min rai shi ne shayin. Amma kin dawo kin faɗa, alhali da kin yi shiru da na tafi ban sani ba." Hannunta ya kai gefe, ya tsaya. "Nan ban ji an zare zare ba."

"Gefe ne, na bar shi fari. Nan muke ajiye waɗanda suka mutu."

Hajiya ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Ta auna gefen da tafin hannunta, ta ce a ba ta almakashi. Ta ɗan tsaga bakin, ta ajiye almakashin, ta kama da hannu biyu ta ja yadda ta saba ja a kasuwa. Ƙarfinta bai kai ba. Batul ta ɗora hannuwanta a kan nata suka ja tare, yadin ya tsage a miƙe har ƙarshe. Suka yi haka sau uku, daga yankuna uku.

Hajiya ta ce, "Likkafani ai sai da maɗauri. Ɗaya a kai, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙafa. Wancan sabon a cikinsa za a sa ni, amma cire masa jan zaren nan, kada ya bi ni da ƙarya. Waɗannan su za su ɗaure ni. In rabin bai samu ba, gefensa ma na Alhaji ne."

Batul tana ninke tsagin sai ta ga a bakin ɗaya layi ya zarce, ya bar ɗigon shuɗi kamar ƙwayar gero. Ta gaya mata, ta ce bari ta yanke wurin.

"Bar shi." Hajiya ta jawo ta kusa ta faɗa mata wata magana a kunne. Sannan ta ɗaga murya. "Sauran kuma ki kira 'yan iskan abokan naki su zo su ci gaba. Yadin nan ya gaji da zaman akwati. Kuma kokon yau, kishiyata, wallahi ko kare."

A nan ne kukan da Batul ta daɗe tana riƙewa ya ƙwace mata.

Sun yi wasa Lahadin, da ta bayanta, a barandar, da ƙofar ɗaki a buɗe don Hajiya ta ji. Ba ta kai ƙarshen labarin ba. Ta cika wata safiyar Alhamis, Samir yana riƙe da hannunta yana maimaita mata kalmar shahada.

Shamsiya ta zo da ƙwaryarta da turarenta. Aka yi wanka, aka yanka sabon yadin aka sa. Da aka zo ɗauri Shamsiya ta kai hannu za ta tsaga daga ragowar, Batul ta matso ta miƙa mata tsagin uku.

"Da waɗannan za a ɗaure ta, Inna Shamsiya. Daga rabin na Alhaji ne."

Shamsiya ta karɓa ta duba. Ta ɗaure ƙafa, ta ɗaure tsakiya. Da ta warware na ukun ta ga ɗigon shuɗin, ta laluba almakashi a gefenta.

Batul ta ce, "Ta ce a bar shi. Ta ce in Alhaji ya tambaya, za ta gaya masa aikin kishiyarta ne."

Matan da ke ɗakin suka dubi juna, wata ta rufe fuska da mayafi. Shamsiya ta ajiye almakashin. Ta ce Batul ta tallafo mata kan, ta zagaya tsagin, ta ƙulla a hankali.